Kulu ta Cikin Kwalba

Da sunan Allah nake farawa, Shi ya kai ni, Shi ya dawo da ni. Tun da na sauka daga Kwatano ban sami sakat ba. A ƙofar masallaci, a bakin kasuwa, har a fadama ina duba shinkafata, tambayar kowa ɗaya ce: "Malam Buhari, mi kag gano?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura duk wanda ya ji daga bakina, in ya je maimaitawa sai ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru.

Ina da ya, wadda nake bi wa, sunanta Kulu, tana aure a Argungu, sana'arta daddawa. Ɗanta na fari Umaru ne. Kamar yadda aka sani, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, don haka tun da ta haife shi "wancan yaron" take ce masa. Yaro ne mai bin diddigi. In ta dafa kalwa ta rufe a kwando don ta nuna, sai ya faki idonta ya buɗe, wai yana so ya ga abin da ke faruwa a ciki. Ya sha rankwashi a kan haka. Boko ya kai shi Zariya, daga nan Faransa, daga baya muka ji an ɗauke shi aiki a wani gidan bincike a Kwatano ta ƙasar Binin, ana ce masa Dakta. Muka ɗauka likita ne mai allura.

Sai Alhaji Namadina, wani ɗan Augie mai kai albasa Kwatano, ya dawo da magana. Ya ce ya haɗu da Umaru a kasuwa, ya tambaye shi aikinsa, Umaru ya ce masa da bakinsa, "Ƙwayoyin cuta nake kiwo." Kafin Juma'a ta zagayo maganar ta cika Argungu. Wasu suka ce Turawa yake sayar wa, wasu suka ce a rijiyoyi ake zubawa. Kulu ta mayar da turmin zanen da Umaru ya aiko mata, ta aika a kira ni daga Birnin Kebbi.

"Buhari," in ji ta, "kai na ƙanena, kai na kawunai. Ka tahi ka gano min da idonka. In gaskiya ta cuta shika kiwo, to ba ni ba shi, duniya da lahira. Ko kan gawata kada shi zo."

Na san Kulu, ba ta magana biyu. Na je Sakkwato na yi fasfo, aka tsira mini allura a dantse aka ba ni katin rawaya. Ban aika wa Umaru cewa ina tafe ba, don kada a share gida kafin in iso. Ranar da na je sallama Kulu ba ta ba ni saƙon komai ba. Sai da na kai ƙofa ta biyo ni da ƙunshin daddawa ta cusa a jakata, ta ce, "Na miyarka na bisa hanya." Ni kuwa ban taɓa dafa miya ba a rayuwata, ta kuma sani.

Namadina ne ɗan rakiyata, tunda shi ya san hanya. Muka shiga gaban motar albasarsa, muka bi ta Kalgo da Bunza muka nufi Kamba. Mutum ne da ba ya gajiya da magana.

"Malam, in munka isa kada ka sha ruwan gidanai. Ni ko hannu ban yarda munka yi ba na biyu."

"Da yac ce maka cuta shika kiwo, mi yac ce bayan nan?"

"Ya ci gaba da wani dogon bayani. Ni ko ana sauke min kaya, wa ka tsayawa saurare?"

Wannan amsa ta tsaya mini a rai har Kamba.

A Kamba 'yan kwastan ɗinmu ba su wahalar da mu ba. A Gaya, cikin Nijar, jandarma ya karɓi fasfona, ya dube ni, ya dubi hoton, ya yi mini nuni in cire rawani. Na cire. Ya ce har hula. Ni da ko 'ya'yana ba su cika ganin kaina a buɗe ba, ga ni tsaye da sanƙona a gaban mata masu tallar kifi. Namadina ya juya baya yana tari, na san dariya yake yi.

Muka ƙetare gada muka shiga Malanbil, ƙasar Binin. Nan aka zazzage jakata a kan tebur. Ma'aikacin ya kwance ƙunshin Kulu, warin ya buge shi, ya ja da baya yana faɗa da Faransanci. Ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. Suka sa ƙarfe suna tsokanar curin daddawa ɗaya bayan ɗaya, wai ko an ɓoye wani abu a ciki. Na ce abin miya ne. Ba mai ji. Sai babbansu ya fito, wani dattijo Badandi, ya ɗauki guda ya shinshina, ya lumshe ido, ya ce da Hausa, "Wannan ta Kabi ce." Ya jefa biyu a aljihunsa, ya buga mini hatimi. Na ji zafin biyun nan.

Daga Malanbil zuwa Paraku tafiya ce mai tsawo. Muna saukowa kudu gero na raguwa, doya na ƙaruwa. Muka sauka a zangon Hausawa, gidan wani mai masauki wanda ya ce kakansa daga Jega ya zo fatauci bai koma ba. Hausarsa ta gauraye da Dandanci har sai na kasa kunne sosai. Ya karrama mu da sakwara da miyar gyaɗa, a ciki akwai wasu jajayen gutsattsari masu taushi. Na ɗauka nama ne na ajiye hannu, don ban san wanda ya yanka ba. Ya yi dariya ya ce cukun Fulani ne, wagashi suke ce masa. Na ci, na ƙara. Da asuba na shimfiɗa buzuna na fuskanci inda nake zaton gabas, sai ga mai gida ya kama kafaɗuna ya juya ni kamar tulu. Ashe baya na ba alƙibla.

A Paraku muka bar motar ta biyo mu da kaya, muka hau jirgin ƙasa. Wannan ne hawana na farko. Cikinsa akwai awaki, akwai kaji, akwai wata mata ƙatuwa da ta zauna kusa da ni har gwiwarta na taɓa tawa. Na matsa, ta matso. Na ƙara matsawa har na manne da taga ina istigfari. Ashe jakata take bi. Ta nuna ta da hanci, ta yi magana, Namadina ya fassara: wai ta ji ƙanshin abin miya, in sayar mata. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ta yi tsaki, ta ɓare ayaba ta miƙo mini, muka shirya.

Kwatano kuwa, Allah Ya kiyaye. Mata a kan babur, ɗaya na tuƙi ɗaya a baya, ba mai kallonsu. Mutum ya sayi burodi dogo kamar sanda, ba takarda ba leda, ya maƙale a hammata cikin gumi ya kai wa iyalinsa. Maza biyu masu gemu suka haɗu a gabana suka sumbaci juna a kumatu, Namadina ya ce gaisuwa ce kawai. A ƙofar wani gida na ga gunkin laka an shafe shi da manja da gashin kaza. Ga tekun da ake faɗi, ba a ganin ƙarshensa, yana ruri ba hutawa. Mu da muke fariya da Gulbin Kabi, na yi shiru.

Namadina ya kai ni ƙofar gidan binciken ya tsaya nesa. "Iyakata nan, Malam. In ka hito ka wanke jikinka kahin ka taɓa ni."

Mai gadi ya shiga da sunana. Sai ga Umaru a guje cikin farar riga har gwiwa, furfura ta fara masa a gemu. Ya zube ƙasa a gaban ma'aikatansa.

"Kawu! Lahiya? Inna lahiya?"

"Lahiya lau na baro ta. Tashi. Aikinka naz zo gani."

Ya sa a kawo mini ruwa, na ce na ƙoshi. Ya dube ni, ya dubi kofin, ya gane akwai magana. Bai tambaya ba, ya ce in biyo shi.

Aka sa ni wanke hannu har gwiwar hannu kamar mai alwala, aka ba ni farar riga na ɗora a kan tawa. Muka shiga wani ɗaki mai sanyi. Kwalabe ne jere har rufi, wasu da ruwa kamar kunu, wasu a kan wani tebur mai girgiza kansa ba mai taɓa shi. Samari da 'yan mata, baƙaƙe da farare, kowa ya duƙa a kan nasa. Na ce a raina, ashe Namadina bai yi ƙarya ba. Na fara tunanin da wane baki zan gaya wa Kulu.

Ina cikin haka sai wata mata ta turo ƙofa da sauri, ita ma da farar riga da ɗankwali. Daga baya na san sunanta Dakta Rabi, mutuniyar Dogon Dutsi ce ta Nijar, abokiyar aikinsa. Ba ta lura da ni ba. Ta ce da Hausa irin tamu sak:

"Dakta, Kulu ta mutu. Kuran na yaɗ ɗauke."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Kura? Cikin garin Argungu?" Na tuna ƙunshin da ta cusa mini a jaka, na tuna ta rasu tana fushi da ɗanta, kuma ni aka aika in gyara ban gyara ba. Hawaye suka zubo mini. Abin da ya ƙara gigita ni, na ɗaga kai na ga Umaru bai ko yi salati ba. Cewa ya yi, "Wacce? Ta babbar tukunya?"

"Uwarka ta!" na daka masa tsawa. "Uwarka anka ce ta mutu kana tambayar tukunya?"

Dakta Rabi ta dafe ƙirji. Umaru ya durƙusa ya riƙe hannuna.

"Kawu, ba Inna ba ta. Wallahi ba Inna ba ta. Kuran wutar lantarki na, haka mutanen Nijar ka ce mata. Wuta ta anka ɗauke, abin da muka kiwo cikin tukunya yal lalace."

"To wace Kulu?"

Ya sunkuyar da kai. Dakta Rabi ta ce, "Baba, ka yi min gafara. Sunan mahaifiyatai na? Shekara da shekaru muna kiran sunan ga, bai taɓa hwaɗa muna ba." Ta rufe fuska da ɗankwali ta fita.

Sai da na sha ruwan da na ƙi ɗazu hankalina ya dawo. Umaru ya zaunar da ni gaban wani madubi mai bututu, ya ɗiga wani abu a kan gilashi, ya ce in sa ido. Da farko haske kawai na gani. Can sai na ga wasu abubuwa kamar gutsattsarin tsinke, ba su ƙirguwa, suna motsi, suna kai da kawowa. Na janye kaina na ce, "Subhanallahi! Masu rai na?"

"Masu rai na, Kawu. Daga kwandon Inna sunka hito."

Ya yi mini bayani a hankali, ni kuma na saurara har ƙarshe, ba kamar Namadina ba. Ya ce halittu ne na Allah da ido ba ya gani, suna ko'ina. Wasunsu na kawo ciwo, amma mafi yawansu ba ruwansu da ciwo, wasu ma aiki suke yi mana. Da Hausa kuwa ba mu da suna gare su sai "ƙwayoyin cuta", don likitoci ne suka fara ba mu labarinsu, su kuma masu cutar suka sani. Ya ce in Kulu ta rufe dafaffiyar kalwa, waɗannan ne ke shiga su yi aiki. Suna fitar da wani ruwa kamar yawu, Turawa na ce masa inzayim, shi ke narkar da taurin kalwa ya mai da ita daddawa. Abin da yake buɗe kwando yana nema tun yana yaro ke nan.

Wani hutu da ya zo gida ya tafi da daddawar uwarsa, ya ware irin da ke ciki, ya tarar yawunsu ya fi na duk waɗanda ya gwada ƙarfi. Ya kai ni wani ɗaki ya nuna mini fatar jan akuya da aka jiƙa a ruwan. Ya shafa da yatsa, gashin ya zube, fatar ta fito sumul. Ya ce majema za su huta da maganin jima da ke cin hannuwansu yana ɓata ruwan gari. Masu yin sabulu ma sun zo nema. A kan wannan aiki ya ƙare ƙuruciyarsa, a kansa aka san shi. Waɗancan samarin da na gani almajiransa ne daga ƙasashe daban-daban, in sun gama kowa zai koma garinsu da irin a kwalba, ya koyar da wasu. Waɗanda suka fara karatu a hannunsa yanzu su ma malamai ne.

"To sunan fa?" na ce. "Wa yab ba ka izinin sa sunan uwarka bakin mazan duniya?"

Ya ɗauko wata tsohuwar kwalba ƙarama. A jikinta an rubuta da ajami, irin hannun da ni na koya masa a zaure: Kulu. Ya ce dole kowane iri a sa masa alama, shi kuwa ya rubuta da ajami don ya tabbata ba mai iya karantawa a Faransa. Ashe akwai wani ɗan Sanagal a cikinsu da ya yi allo. Ya ɗaga kwalbar ya karanta da ƙarfi, sunan ya bi bakin kowa, har ya shiga littattafai. Yanzu ba halin a janye shi.

Na zauna da su kwanaki, na kasa kunne. Bature ya ce Kulu, ɗan Indiya ya ce Kulu, ana cewa Kulu na son ɗumi, Kulu ta ƙoshi. Kowane kira sai na ji tsigar jikina ta tashi. Amma ban ji ko sau ɗaya ya fito daga bakin Umaru ba. Shi "ta gida" yake cewa, su kuma sun saba.

Wani abu ya dame ni, na tambaye shi: ashe duk rayuwarmu muna haɗiyar masu rai ba yanka? Ya ce wannan fannina ne, ba nasa ba. Na yi nazari, na tuna kifi da fara ba a yanka su, abin da ya fi ƙarfin ido kuwa ina wuƙa za ta kama? Na samu natsuwa, amma har yau in aka ajiye mini miya sai na ɗan dube ta.

Ranar da zan taso na fito da ƙunshin na ba shi. Na ce, "Cewa tay yi na miyata na." Ya kwance, ya shinshina, ya juya mini baya ya daɗe yana kallon taga. Sannan na gaya masa abin da ya kawo ni, da rantsuwar da ta yi. Ya ce, "Kawu, ka hwaɗa mata abin da kag gani kawai."

Ban sauka Birnin Kebbi ba, Argungu na zarce. Na tarar da ita a tsakar gida tana wanke kalwa. Ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"Mi kag gani?"

Duk hanya ina neman kalmar da zan sa a madadin waccan, ban samu ba. Na ce, "Yaya, kiwo shikai, gaskiya ta. Amma ba cuta ba ta. Wasu 'yan halittu na da ido bai gani, kuma cikin daddawarki yas samo su."

Ta tsame hannunta daga ruwa. "Daddawata? Wato bayan abin da yay yi, har cewa shikai daddawata na da ƙwari? Shekara nawa Argungu na cin ta, wa yat taɓa ciwon ciki?"

Na ga na ƙara ɓata abin. Na ce ta yi haƙuri ta ji. Na gaya mata su ne ke nunar da kalwar in ta rufe, na gaya mata fatar akuya, da almajirai, da yadda na zube a ƙasa ina kukan mutuwarta. Nan ta ɗan saki fuska ta ce, "Ashe za ka yi min kuka." Sai na gaya mata sunan da ake kiran su da shi.

Kaza ta zo tana tsattsagar kalwar, ba ta ko kore ta ba.

"Turawa na hwaɗin sunana?"

"Safe da yamma."

"Shi ma da bakinai?"

"Shi kaɗai na bai hwaɗi. 'Ta gida' shika cewa. Na kasa kunne, ban ji ba ko sau guda."

Ta mayar da hannu cikin ruwa tana murza kalwa. Ta ce, "Ni tun da na haihe shi ban taɓa hwaɗin sunanai ba. Shi ko ya ɗauki nawa ya raba ma duniya." Ta goge ido da gefen zane ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba. Can ta ce, "Ita wadda tam mutu cikin tukunya, sun samu wata?"

Na ce irin na nan da yawa.

"To. Ka aika ma wancan yaron shi taho da Salla. Zanen da nim maida kuma shi zo min da abina."

Da Namadina zai koma Kwatano ta aika aka kira shi, ta ɗora masa kwando guda na daddawa, ta ce ya kai hannu da hannu, kuma in an fara yi masa bayani ya tsaya ya ji ƙarshe. Ya sunkuya ya ɗauka.

Abin da na gano ke nan. Wanda zai maimaita, don Allah ya maimaita shi haka. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya halicci abin da ido ke gani da abin da ba ya gani.